Tafin Rabten da Barcin Lama Kunga

Dalilin da ya sa masu karatun addinin Buda a ƙasar Tibet suke tafa hannu da ƙarfi idan suna muhawara, shi zan gaya muku yau, tunda kun gan su a talabijin kuna tambayata ko faɗa suke yi. Ba faɗa ba ne. Ku gyara zama.

Tibet ƙasa ce ta kan duwatsu, can bayan Indiya, inda sanyi yake daskarar da ruwa a cikin tulu. Shanunsu, da ake kira yak, gashi ne har ƙasa kamar sun yafa bargo. An ce a zamanin da, a wani gidan ibada da ke maƙale a jikin tsauni, da raɗa ake yin muhawara. Mutum biyu za su zauna gaban babban malaminsu, wanda suke kira lama, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wannan ya yi tambaya a hankali, wancan ya amsa a hankali. Doka ce ba a ɗaga murya a farfajiyar, ba a kuma taɓa lama. Idan an gama, wanda lama ya sunkuyar da kai wajensa shi ya ci.

Lamansu a lokacin wani tsoho ne mai suna Kunga. Shekarunsa sun haura tamanin, kuma a ƙuruciyarsa ba wanda ya taɓa kayar da shi a magana. Yanzu kuwa da an fara sai ya lumshe ido, ɗalibai su ce ya nutse cikin tunani.

Akwai wani ɗalibi, Rabten, ɗan shekara arba'in, dogo siriri, mai manyan tafin hannu kamar faifai. Shekara ashirin da biyu yana karatu. Littattafan nan nasu masu dogayen warƙoƙi ya haddace su har yana karanta su a mafarki. Amma sau biyu ya shiga babbar muhawara, sau biyu wani mai suna Lodro ya kayar da shi. Lodro gajere ne mai kumatu, ba a taɓa ganinsa da littafi ba sai dai da kwano. Dokar gidan kuwa, wanda ya faɗi sau uku zai ajiye jan mayafinsa ya koma gida kiwo. Rabten ko igiyar yak bai iya ɗaurewa ba, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar karatun nan.

Ana saura kwana uku muhawara ta uku, yayarsa Yangdol ta hawo tsaunin da man shanu na sadaka, wanda ake kunna fitilun ibada da shi. Ta ajiye kayanta, ta tsaya bakin farfajiya tana kallon wasu ƙananan ɗalibai suna gwaji gaban lama. Da Rabten ya fito rakiyarta yana ta kuka da rashin sa'arsa, sai ta dube shi ta ce:

"Kai da iliminka, ba ka ga tsohon nan barci yake yi ba?"

Rabten ya kusa faɗuwa. Ya ce, "Yaya, rufa mana asiri. Tunani yake."

"Shekara talatin ina auren mai irin wannan tunanin," in ji ta. "Leɓen ƙasa ya saki, hanci yana fito. Kuma kan tsohon nan hagu yake faɗuwa. Wa yake zama a hagu?"

Nan take Rabten ya gane: Lodro ne. Kullum Lodro yake riga kowa zuwa farfajiya, ana yaba masa himma.

Ranar muhawara Rabten ya yi sammako, ko shayinsu mai gishiri da man shanu bai tsaya sha ba, ya je ya dafe gefen hagu. Kunya ta kama shi, don ya san wannan ba hanyar ilimi ba ce, amma da ya tuna garken yak sai ya ƙara gyara zama. Lodro ya iso ya tarar an riga shi, fuskarsa ta yi kamar an kwashe masa tuwo. Ya zauna a dama ba don yana so ba.

Sai ga Lama Kunga an riƙo shi, yana dafe da wuya. Ashe wuyan ne ya ƙage masa, har mai yi masa hidima ya cusa masa matashi a kafaɗar hagu. Rabten ya dubi matashin, ya dubi Lodro. Lodro ya yi murmushi.

Aka fara. Ɗalibai wajen ɗari uku sun yi tsit. Rabten ya jefa tambayarsa cikin raɗa: idan tukunya ta fashe, yumɓun yana nan, to ina tukunyar ta tafi? Lodro ya rufe ido, ya shiga motsa baki kamar yadda ya saba, yana gunguni ba mai jin abin da yake cewa. Lama ya lumshe ido. Leɓe ya saki. Kai ya gwada hagu, matashi ya tare shi, sai ya fara gangarawa dama a hankali, a hankali.

Rabten yana kallon shekara ashirin da biyu suna gangarawa tare da kan nan. Ba damar ihu, ba damar taɓawa. Bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba. Baƙin ciki ya sa ya ɗaga manyan hannuwan nan ya tafa su, fau! ya kuma buga ƙafa a ƙasa. Tsauni ya amsa, hankaki suka tashi daga rufin ɗaki, lama ya buɗe ido tangaran.

Lodro kuwa idonsa a rufe, bai san an farka ba. Farfajiya ta yi shirun da ba ta taɓa yi ba, sai kowa ya ji abin da yake cewa:

"...sai ka zuba albasa biyu, ka bari ƙashin ya dahu, kada ka sa taliyar da wuri..."

Lama ya karkata kunne. Ya ce, "Lodro, a wane littafi wannan yake?"

Lodro ya buɗe ido, gumi ya karyo masa cikin wannan sanyi. Ya faɗi gaskiya, cewa shekara tara ke nan yadda ake dafa miyar mahaifiyarsa yake karantowa, don ita kaɗai ya haddace.

Daga nan tsohon ya juya wajen Rabten, wanda har yanzu yake tsaye, ya tambaye shi wa ya yi wannan ƙara. Rabten ya ce shi ne, kuma a yi masa duk hukuncin da ya dace.

"Hukunci yana zuwa," in ji lama. "Amsa mini tukuna. Ƙarar nan da ta tashe ni, a hannunka na dama take zaune ko a na hagu?"

Ɗalibai suka dubi juna, don sun ji da bakinsa ya ce "tashe ni". Rabten ya dubi hannayensa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta cikin ko ɗaya. Haɗuwarsu ce ta haife ta, da suka rabu ta tafi. Haka tukunya, haka ni, haka komai."

Tsohon ya yi dariya har ya manta da ciwon wuya. Ya sake jefo wata tambayar, Rabten ya amsa, ya mayar masa da tasa. Suka yi ta yi har rana ta karkata. Sau biyu idon lama ya fara lumshewa, sau biyu shi da kansa ya ce, "Tafa mini." A ƙarshe ya faɗa wa taron cewa rabonsa da jin muhawara tun shekarar da haƙorinsa na gaba ya fita, kuma laifin nasa ne da na masu kunyar tashinsa. Ya ce duk waɗanda suka faɗi a shekarun nan a aika a kirawo su daga wajen kiwo, a sake musu.

Rabten ya ci. Hukuncinsa shi ne ya koya wa kowa tafin nan, har hannayensa suka kumbura. Lodro ba a kore shi ba, madafa aka tura shi, ya kuma yi murna fiye da ranar da ya fara cin muhawara. Lama ya kafa doka: mai tambaya ya tsaya da ƙafafunsa, ya ɗaga murya, ya rufe kowace tambaya da tafi da bugun ƙasa. Ɗaliban da suka tafi wasu gidajen ibada suka tafi da al'adar.

Shi ya sa har yau idan ka shiga farfajiyarsu za ka ji fau! fau! ta ko'ina. In ka tambaye su, za su ce tafin yana korar duhun jahilci ne, kuma ban ce ƙarya suke ba. Amma ku lura da kyau: mai tafin, kafin ya haɗa hannu, sai ya saci kallon malaminsa.