Rigar Da Malam Ya Sa Tela Ya Ƙarasa

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya haɗa ilimi da taƙawa da tawali'u irin haɗin da ba kasafai ake samu a mutum ɗaya ba. Masanin fiƙihu ne da tafsiri, mai yawan azumi, mai ƙarancin magana, wanda in ka tarar da shi yana ban ruwa a ɗan lambun bayan makaranta sai ka ɗauka ɗan aiki ne. Cikin karamomin da Allah Ya bayyana a hannunsa akwai ta wani tela, ɗalibinsa, mutumin kirki amma mai gaggawar tsiya.

Matar telan nan ta samu cikin tagwaye bayan dogon jira, shi kuwa don murna har ya yanka ƙananan riguna biyu, ya ɗinka ɗaya. Ran nan aka yi mata hoton ciki, sai likita ta zaunar da su ta ce yaran mabiyiya ɗaya suke rabawa, kuma wasu jijiyoyi sun haɗa su, jini na ta kwarara daga ɗaya zuwa ɗayan: babban ya cika har zuciyarsa na wahala, ƙaramin ya ƙanƙance, ruwan da ke kewaye da shi ya kusa ƙafewa. Maganin shi ne a shiga da siririyar na'ura a toshe jijiyoyin, amma ƙwararren da ya iya aikin ya nufi filin jirgi da safiyar nan, kuma zai daɗe bai dawo ba.

Tela ya koma shago, ya cusa rigar da bai ɗinka ba ƙarƙashin keken ɗinki, yana cewa a ransa Allah Ya bar masa ko da babban. Daga nan ya ruga wajen Malam ko takalmi bai saka daidai ba.

Ya same shi tsugune tsakanin dashen lemo biyu, ruwan gindin ɗaya na zurarewa zuwa na ɗayan ta wata 'yar kafa. Malam ya ɗebi laka ya toshe ta, ya ce a hankali, "Kowa ya sha rabonsa." Sannan, tun tela bai buɗe baki ba, ya dube shi ya ce, "Ina rigar ƙaramin?"

Mamaki ya kama tela, domin ba wanda ya ga inda ya cusa ta.

"Je ka ƙarasa ta," in ji Malam, "sannan ka mai da iyalinka asibiti."

"Allah gafarta Malam, ai likitan ya tafi!"

"Wanda Ya halicce su biyu bai tafi ba."

Kai, ranar keken nan ya ji ƙafa! Tela ya ɗinka rigar a gurguje, ya ɗauko matarsa tana tambayarsa, "Maigida, lafiya kake kuwa?" Suna isa ƙofar asibiti sai ga tasi ta tsaya, wani dattijo ya fito yana jan akwati yana mita: an ga matsala a jirgi bayan kowa ya zauna, aka sauke su. Likitarsu ta hango shi ta taga, ta sauko da gudu tana kiran sunansa: ashe ƙwararren likitan ne. Tela kuwa ya yi ta kabbara har masu gadi suka zo ganin ko lafiya.

Aka yi aiki, Allah Ya ba da sa'a, kowane yaro ya koma shan rabonsa. Da lokacin haihuwa ya yi suka zo su biyu da rai, kuma ƙaramin ne ya fi cika ɗakin da kuka. Da aka saka masa rigarsa sai uwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Maigida, wai kai ne tela? Dubi hannun nan ya fi wancan tsawo!"

Da aka kai wa Malam albishir, cewa kawai ya yi, "Ku gode wa Allah, ku yi wa likitocin addu'a," ya ci gaba da ban ruwansa.

Rigar nan tana rataye a shagon har yau, ita ce mafi munin ɗinkin da telan ya taɓa yi, kuma bai yarda kowa ya gyara ta ba. Tsarki ya tabbata ga Mai karrama bayinSa salihai. Allah Ya ɗaukaka darajar Malam, Ya yayyafa mana albarkarsa, mu da 'ya'yanmu, babba da ƙarami. Amin.