Shinkafar da Ta Ƙi Wuce Gwiwar Zalɓe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Zalɓe ne da Kwaɗo suka haɗa gonar shinkafa a wata fadama. Zalɓe kuwa kun san shi, ga dogon wuya, ga gajeren imani. Ya ce, "Malam Kwaɗo, ba na son rigima ran rabo. Abin da ya wuce gwiwata nawa, na ƙasa naka."

Kwaɗo ya ce, "To."

Shinkafa ta yi tsawo, ta yi kai can sama. Zalɓe ya kwashe hatsi, Kwaɗo ya tashi da kara. 'Ya'yansa tara suka rame, abin tausayi.

Yana tattara karansa sai ya ga wani gindi guda, ɗan gajere, ga kai danƙam. Ruwa ɗaya suka sha da sauran, amma shi ya ƙi tsawo. Sai Kwaɗo ya ɓoye ƙwayar a kunci. Ya shuka a bakin rafi da rani, 'ya'yan suka fito gajeru kamar uwarsu. Ya sake shukawa, jikoki ma haka.

Da damina ta faɗi ya ce wa Zalɓe, "Ranka ya daɗe, huta abinka, bana ni zan kawo iri."

Malalacin ya ce, "Madalla da ɗan albarka!"

Shinkafa ta tashi, ta zo dab da gwiwar Zalɓe, sai ta tsaya cak. Zalɓe ya zuba taki, sai kai ya ƙara nauyi. Ya janyo ruwa, sai kai ya ƙara cika. Ya sa baki ya ja wani gindi, sai ga shi wanwar a taɓo, ƙafafu sama.

Ya ce, "Kwaɗo, me ka yi mata?"

"Ni? Gadon gidansu ne, ranka ya daɗe. Kakarta ma iyakarta ke nan."

Ran girbi Kwaɗo ya cika rumbu, yara suka ci har suka kasa tsalle. Ya nuna sama da gwiwar Zalɓe ya ce, "Ga rabonka, ɗiba." Babu komai wurin sai iska.

Kun ji, tsawon shinkafa a cikin iri yake, taki ba ya sauya shi. Wanda kuma ya yanka wa ɗan'uwansa rabon zalunci, wata rana a nan zai tashi hannu wofi. Har yau Zalɓe na tsaye a fadama da ƙafa ɗaya, yana jiran ta ƙara tsawo.

Kurunkus! Ba don Zalɓe na jina ba, da na ƙara muku.