Karsanar da Aka Tsaga wa Kunne

Akwai wani mutum mai dukiyar shanu, yana da wani kwari mai ciyawa, ruwansa ba ya ƙafewa ko da rani. Tun da daɗewa ya yi wa wani tsohon baransa alkawari ya ce, "Kwarin nan, 'ya'yanka ne za su yi kiwo a cikinsa." Tsohon ya rasu bai gani ba, amma maigidan bai manta ba.

A lokacin waɗansu makiyaya ne suke zaune a kwarin. Ciwon huhu ya shiga garkensu, suka ƙi ware marasa lafiya, suna ta sayar wa maƙwabta shanu masu ciwo, har dabbobin ƙasar duka suka kama tari. Shekara da shekaru maigida yana aika musu da gargaɗi, su kuwa suna yi wa 'yan aikensa dariya. Da haƙurinsa ya kai iyaka, sai ya kore su, ya kira 'ya'yan baransa ya ce, "Ku shiga, naku ne. Abu ɗaya na ce muku: shanun da aka bari, a yanka su a ƙone. Kada kowa ya ɗauki ko ɗan maraƙi."

Suka amsa da to. Amma ranar ƙuna, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya hangi wata karsana fara sol, mai sheƙi, tana cin ciyawa hankalinta kwance. Ya ce a ransa, "Wannan ina ciwo a jikinta? Ai ƙone ta ɓarna ce." Kun san zuciya, in tana son abu ba ta rasa hujja. Ya ja karsanar ya ɓoye cikin kwazazzabo.

To, shanun da 'ya'yan baran suke kiwo na maigida ne, kowace saniyar maigida kuwa tana da shaida, tsaga biyu a kunnen dama, ana yin ta tun saniya tana 'yar maraƙa. Mutumin nan ya zaro wuƙarsa ya tsaga wa karsanar kunne, ya shafa toka, ya jira ciwon ya warke, sa'an nan ya kora ta cikin garkensa. Har yabon kansa ya yi, wai ya yi dabara.

Daga ranar nan kwanciyar rai ta ƙaurace masa. In 'yan'uwansa suka tsaya suna magana, sai ya ɗauka da shi suke. In saniya ta yi atishawa, sai ya ruga ya duba ta. Kowa da garkensa, amma mashaya ɗaya ce, kuma kullum da rana karsanar takan tsoma baki inda sauran suke tsomawa, shi kuwa yana tsaye da sanda yana kallo.

Wata safiya matarsa ta dawo daga tatsa, ƙwaryarta ko rabi ba ta kai ba.

Ta ce, "Baban Kande, farar karsanar nan tari take yi. Kuma ni ban san uwarta ba."

Ya ce, "Ƙura ce ta shaƙa. Ke dai yi aikinki."

Ta ce, "Ƙura da damina? Ka je ka faɗa wa maigida tun abin bai yi nisa ba. Tsoro nake ji."

Shi ma tsoron yake ji, har ya fi ta. Sai dai kunya ta fi ƙarfinsa, ya ƙi zuwa.

Ba a daɗe ba saniyar wansa ta faɗi, sai ta ƙanensa. 'Yan'uwan suka tafi wurin maigida da kuka suka ce, "Baba, ashe ka kawo mu nan ne mu ƙare?" Maigida ya ce, "Ban sāke maganata ba. Akwai abin da na ce a ƙone, yana tsakaninku. Gobe kowa ya tara garkensa, zan duba. Wanda ya san da magana, ya zo ya same ni kafin nan."

Mutumin ya tashi zai je, ya kai bakin hanya, ya komo. Ya ce, "Ai tana da shaida. Wa zai gane?"

Kashegari maigida ya fara daga garken babban wa. Ba ya gaggawa. Yakan kama kunnen saniya, ya shafa da yatsa, ya sake ta. Duk garken da ya gama, sai ya ɗaga kai ya dubi 'ya'yan baransa, kamar mai jiran wani ya yi magana. Mutumin nan kuwa sai ya kau da kai. Aka gama na biyu, aka zo nasa. Maigida ya kama kunnen karsanar, ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Ɗana, tsagar da aka yi wa 'yar maraƙa takan girma tare da kunne. Wannan ta bana ce. Wa ya yi ta?"

Mutumin ya faɗi ƙasa ya ce, "Ni ne, Baba."

Maigida ya ce, "Da jiya ka faɗa, da karsanar kaɗai za ka rasa."

Aka yanka karsanar da dukan garken da ta kwana a ciki, aka ƙone. Mutumin kuma ya fita daga kwarin ta hanyar da makiyayan farko suka bi. Da 'yan'uwansa suka tambaya ko su ma su ɗaure kaya, maigida ya ce, "Ku zauna. Na yi wa ubanku alkawari. Rabon ɗan'uwanku ma kada a taɓa, na 'yarsa ne in ta girma."

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan nan Ubangiji ne, kwarin kuma ƙasar Kan'ana ce, wadda ya alkawarta wa kakannin Isra'ilawa. Bai kori mazaunanta don son kai ba, sai da ya yi dogon haƙuri da muguntarsu. Da Isra'ilawa suka shiga da yaƙi, birane suka fāɗi a gabansu, gama Allah mai aminci ne. Amma ranar da mutum ɗaya ya ɓoye abin da aka haramta, jama'a duka suka gudu a gaban abokan gāba. Mudun da ya auna wa Kan'aniyawa, da shi ya auna wa nasa.

'Yan'uwa, yaƙinmu yau da zunubi ne, ba da maƙwabta ba. Abin da yake ba ni tsoro shi ne, mun iya tsaga kunne. Mu ci abin wani mu kira shi albarka. Mu yi gulma mu ce batun addu'a ne. Fasto ba zai gane ba, dattawan ikilisiya ma haka, amma mai garken ya san shaidarsa. Yesu ya riga ya ɗauki hukuncin duk wanda ya zo ya furta. Yau ƙofa a buɗe take, ban kuwa san garken wa ake dubawa gobe ba. In da karsana a gidanka, ka fito da ita da hannunka.