Kurege da Itatuwa Arba'in na Bakin Kwazazzabo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ta yi nauyi.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

To. Kurege dai kun san shi. In ba ku san shi ba, gonarku ta san shi. Wannan da nake ba ku labari sunansa Jatau, a garin Gangare yake, kuma ga abin da ya faɗa wata Juma'a a gindin tsamiya, wutsiya a miƙe, ƙirji a gaba:

"Itatuwa arba'in ɗin nan na bakin kwazazzabo, da hannun nan nawa na dasa su. Ni na haƙa, ni na dasa, ni na yi shinge, ni nake ba su ruwa. Ba don ni ba, da tuni garin nan yana cikin rami."

Ku riƙe wannan magana da kyau, za mu dawo mata.

Garin Gangare yana da wani kwazazzabo ta gabas, mai ci kamar bai taɓa ƙoshi ba. Kowace damina sai ya gutsuri gari. Bara waccan ya ci hanyar rafi. Bara ya ci rumbun wata tsohuwar bushiya da ake kira Inna Tabawa, ya tsaya taku uku daga ƙofar ɗakinta yana jiran wata daminar.

Inna Tabawa ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ba ta iya ba ma. Ita irin halittar nan ce da in aka gaishe ta da ƙarfi sai ta dunƙule. In aka yabe ta, sai ta dunƙule. In taro ya juyo ya dube ta, sai ta dunƙule ta zama kamar curin ƙaya, sai an watse ta warware.

Amma hannunta ba ya dunƙulewa. Ta nemo dashen darbejiya da gawo da tsamiya da zogale, ta jera su a bakin kwazazzabo, guda arba'in. Kowanne ta kewaye shi da shingen ƙaya saboda awaki. Sannan ta yi wata dabara da kakarta ta koya mata. A gindin kowane dashe ta binne 'yar tukunyar ƙasa har wuya, ta rufe bakin da sakaina, ta barbaɗa ƙasa a kai. In ta cika tukunya da ruwa, ruwan ya riƙa naso a hankali yana bin saiwa, rana ba ta shan ko ɗigo. Kullum da sassafe, kafin gari ya gama miƙa, tana tafe da tulu daga rafi. Ta je, ta dawo. Ta je, ta dawo. Har bazara ta kankama, ciyawa ta ƙone, itatuwanta suna nan kore shar, kuma babu wanda ya san mai su.

Ba ita kaɗai ce mai irin wannan hali a garin ba. Akwai Kwaɗo mai yashe kwata ba wanda ya sa shi. Akwai Buzuzu mai kwashe kashin shanu daga kan hanya yana mirginawa zuwa gonakin tsofaffi. Shi ya sa garin suke da wata al'ada. Duk shekara kafin saukar ruwa, Mai Unguwa Kunkuru yakan tara jama'a a yaba wa irin waɗannan. Babbar kyautar ita ce Ƙwaryar Gayya, farar ƙwarya mai zane, cike da ƙuli-ƙuli da dabino har sun yi tozo.

Shi kuwa Jatau, aikin gayya ɗaya ya sani, wato zuwa daidai lokacin da ake sauke tuwo.

Wata rana ya shiga rumbun Mai Unguwa ta ƙasa, ya kwaso jar gyaɗar da tsohon ya ajiye don iri, irin da babu mai ita a garin sai shi. Yana neman maɓoya sai ƙafarsa ta taka sakaina a bakin kwazazzabo. Ya ɗaga, ya ga tukunya. Ya matsa gaba, ya ga wata.

"Ikon Allah!" in ji Jatau. "Wani wawa ya binne mini rumbuna kyauta, har da murfi."

Ya kwarfe ɗan ruwan da ya tarar, ya ɗura gyaɗa a tukwane bakwai na ƙarshen layi, ya rufe, ya ce sai ƙura ta lafa zai dawo. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa abin da ruwa yake yi a cikin rumbu ba.

Bayan kwana goma sha biyu Zakara ya yi shela, gari ya taru a gindin tsamiya. Mai Unguwa ya miƙo wuya daga cikin ƙoƙonsa, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, bana mun ga aikin Kwaɗo, mun ga na Buzuzu, Allah ya yi musu albarka. Amma Ƙwaryar Gayya ta wanda ya dasa itatuwan bakin kwazazzabo ce. Ko wane ne, ya fito."

Can baya Inna Tabawa ta ɗaga ɗan hannunta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai..." Kawuna suka juyo. Sai ta dunƙule.

Jatau ya dubi ƙwarya, ya dubi curin ƙaya, ya sake duban ƙwarya. Dabinon nan yana ƙyalli. Ya sulale bayan tsamiya, ya shafa taɓo a ƙafafu, ya karce hannunsa da ƙaya har sau biyu, ya fito yana ɗingishi. A nan ne ya yi wannan magana da na ce ku riƙe.

"Kai, Jatau?" in ji Kwaɗo. "Kai da ko tsintsiya ba ka taɓa ɗauka ba?"

"Mai aiki don Allah ba ya yi a gaban mutane, Malam Kwaɗo. Ba kamar wasu ba, da in sun yashe kwata ɗaya sai duk unguwa ta ji kukansu."

Aka yi dariya. Jatau ya miƙa hannu zai karɓi ƙwarya.

"Tsaya, ɗana," in ji Mai Unguwa. "Ka manta al'ada? Da yake ba ka cika zuwa ba sai an gama. Mu a Gangare ba ma ba da ƙwarya a inuwa. Inda aka yi aiki, can ake zuwa, mai aiki ya yi shi sau ɗaya a gaban jama'a, yara su gani su koya."

Jatau ya ce, "Ai abin da nake so ke nan, ranka ya daɗe."

Aka ɗunguma. Aka tsaya a kwata, Kwaɗo ya faɗa ciki ya fito da leda da tsumma, ruwa ya wuce, aka yi guɗa. Aka tsaya a hanyar shanu, Buzuzu ya kafa kai a ƙasa ya tura curinsa da ƙafafun baya har gonar wata makauniyar tunkiya, aka yi tafi. Sannan aka iso bakin kwazazzabo, rana ta take, aka aza wa Jatau tulu.

Tulu fa da nauyi. Jatau ya yi tangal-tangal, ya isa dashen farko, ya kwara ruwa a kan ganye. Ruwa ya zubo kan rairayi mai zafi, ya yi cuuu, ya ɓace.

"Haka nake yi," in ji shi yana haki. "Da hannun nan nawa. Wanka nake musu."

Mai Unguwa ya gyaɗa kai a hankali, ya hango ƙarshen layi. "To waɗancan bakwai fa? Me ya sa suka yi yaushi, 'yan uwansu suna kore?"

Jatau bai san dalili ba, amma bakinsa bai taɓa jiran saninsa ba. Ya waiga, ya ga Bunsuru yana tuƙa a gefe.

"Ga mai laifi nan, ranka ya daɗe."

"Ni?" in ji Bunsuru. "Dubi shinge, ko ƙaya ɗaya ba ta goce ba! Wallahi ko ganye ban taɓa ba."

"Wa ya ce ka taɓa? Tsayawa kake yi ta inda iska ke busowa. Jama'a, ku faɗi gaskiya, in ku ne dashe ɗan wata biyar, Bunsuru ya tsaya muku a kai, ba za ku yi yaushi ba?"

Waɗanda ke kusa da Bunsuru suka ja da baya suna toshe hanci, taro ya kece da dariya. Bunsuru ya sunkuyar da gemu. Jatau ya ji daɗin kansa, ya ƙara da cewa, "Ni na san wurin nan ciki da bai. Abin da ke sama nawa ne, abin da ke ƙasa nawa ne. Babu mai taka nan sai ni."

"Babu mai takawa sai kai," in ji Mai Unguwa.

"Sai ni."

Ya ɗaga tulu zai kwara wa dashe na biyu. To a nan ne abin ya fi ƙarfin Inna Tabawa. A ɗauke mata ƙwarya, ta haƙura. A ɗauke mata suna, ta haƙura. Amma ruwa, ruwan da ta san nisan rafinsa a gwiwoyinta, a zubar wa rairayi? Curin ƙaya ya warware. Ta ratsa taro, ta kama tulun.

"Haba ɗan nan, ba a ka ake zubawa ba. Kawo."

Ta share ƙasa da hannu, ta ɗaga sakaina, ta tsiyaya ruwa a tukunya har ta cika, ta rufe. Ko ɗigo bai faɗi a banza ba. Jama'a suka ce, "Aaa!"

Jatau ya tafa hannu da sauri. "Madalla, Inna! Kun gani? Ni na koya mata. Na ce bari in gwada ta a gaban mutane, in ga ko ta riƙe karatu."

"To alhamdu lillahi," in ji Mai Unguwa. "Malam da ɗalibarsa. Ku ci gaba, mu bi ku har ƙarshen layi."

Suka ci gaba. Inna tana buɗewa tana zubawa, Jatau yana biye yana cewa, "Yawwa, haka na ce." Tukunya ta goma. Ta ashirin. Ta talatin. Wutsiyar Jatau ta fara saukowa.

"Ranka ya daɗe, rana ta yi zafi, kada tsofaffi su wahala. Sauran duk iri ɗaya ne."

"Ni kunkuru ne, ɗana, da inuwata nake yawo. Mu je."

Suka iso tukunya ta talatin da huɗu. Ba a ma buƙaci ɗaga sakaina ba, ta riga ta ɗagu da kanta. Wasu korayen 'yan ganye sun turo ta sama, suna leƙen duniya. Mai Unguwa ya sa hannu ya zaro ɗaya. A gindinsa ga ƙwayar gyaɗa ta kumbura ta tsage, ɓawonta ja wur.

Tsohon ya daɗe yana dubanta. Ya dubi tukunya ta gaba, haka. Ta gaba, haka. Har bakwai.

"Kwana goma sha biyu ina neman irin gyaɗata," in ji shi. "Har na zargi jikokina. Jatau, ɗazu wa ka ce yana taka wurin nan?"

Jatau ya buɗe baki. In ya ce wurin nasa ne, gyaɗa ta kama shi. In ya ce ba nasa ba ne, ƙwarya ta tafi. Ya dubi dabino, ya dubi sandar Mai Unguwa, ya ga sandar ta fi kusa.

"Ranka ya daɗe, ni? Ni da ko hanyar wurin nan ban sani ba! Yau ne farkon zuwana. Ku tambayi kowa."

"Da hannun nan naka fa?" in ji Kwaɗo.

"Hannu ne kawai, Malam Kwaɗo, kowa yana da shi."

Inna Tabawa ta ajiye tulu. Duk gari yana dubanta, kuma wannan karon ba ta dunƙule ba.

"A'a, Jatau, kada ka rage wa kanka. Ka taɓa zuwa sau ɗaya, ranar wata Lahadi da hantsi. Ina bayan zogalen can na ga wutsiyarka tana shiga tana fita. Da na buɗe na ga gyaɗa, na ce kayan mutane ne, ba na taɓawa. Sai na riƙa zuba ruwana a kai, ɗan abin da tukunyar ta iya ɗauka. Gyaɗarka ta sha, itatuwana suka kwana da ƙishi." Ta juya wajen Bunsuru. "Kai kuma yi haƙuri, ba warinka ba ne."

"Na gode, Inna," in ji Bunsuru, har da ƙwalla.

Mai Unguwa ya ɗauki Ƙwaryar Gayya da hannu biyu, ya ajiye a gaban tsohuwar, a nan cikin rana, a bakin ramin da ya ci rumbunta. Mata suka rangaɗa guɗa, Buzuzu ya yi juyi, Kwaɗo ya ce daga gobe layin rafi nasa ne, shi zai riƙa cika mata tulu. Inna Tabawa ta ce, "Ai ba wani abu na yi ba," sai ta dunƙule a gefen ƙwaryarta.

Jatau ya fara ja da baya a hankali, taku ɗaya, taku biyu. Sandar Mai Unguwa ta sauka a kan wutsiyarsa.

"Ina za ka, mai itatuwa arba'in? Ka ce kai kake ba su ruwa. Gari duka ya ji. To ba ma so ka zama maƙaryaci. Ɗauki tulu."

Kurunkus, na ɗaure ta a wutsiyar kurege, in ta kwance ku kamo ta. Ku kuma yara, ga abin da za ku ɗauka: in za ku ci kyautar aikin wani, ku fara tambayar ta ina ake zuba ruwan.