Gwamma da Ƴan Sakaina

"Ba zan saurari matsoraci ba, Uwar Arzika! Ko da shi kaɗai ya rage mai harshe a duniya."

"To ka je ka saurari jarumanka, Sarkin Yaƙi. Suna can kwance a Kwarin Gamba. Ka tambaye su yadda aka yi, ka dawo ka faɗa mana."

Haka aka ce sun yi, a tsakiyar fili, rana tsaka, jama'a na tsaye kamar an dasa su. Wannan kuwa ya faru ne tun garinmu bai zama gari ba. Bukkoki ne kawai a gindin dutse, an kewaye su da shingen ƙaya, giwaye na shan ruwa a inda kasuwa take a yau.

Mai maganar farko shi ne Ciwake, Sarkin Yaƙin wannan zango. Ƙato ne, muryarsa kamar ana mirgina turmi a kan fa. In zai yi magana sai ya tura ƙirji, ya ɗaga haɓa, ya ce "Hm-hm!" tukuna. Har gobe, in wani dattijo ya cika ji da kansa, haka muke yi masa a bayan ido. Amma kada wannan ya sa a raina Ciwake. Bai taɓa tura wani inda shi bai shiga ba.

Wadda ta mayar masa kuwa ita ce Gwamma, maharbiya ƴar maharbi. Gajera ce, ba ta ɗaga murya. An ce zabi ba sa tashi in ta ratsa ta cikinsu, an kuma ce wata tsohuwar ɓauna ta taɓa durƙusa mata a bakin tafki. Maroƙa suna ce mata: Gwamma mai ido a ƙeya, kunnen daji, uwar Arzika wadda ba ta harbin iska.

Abin da ya haɗa su shi ne Masu Jan Garkuwa, waɗansu mahara da ke fitowa daga gabas duk kaka, in an gama girbi. Ciwake ne ke horar da samarin da za su tare su. Horonsa kokawa ne da dambe, da gudu a kan tsakuwa ba takalmi, da tsayuwa a rana har sai inuwa ta juya. Ƙa'idarsa ta yaƙi guda ce tak: namiji ba ya waiwaye, kuma in abokin gaba ya juya baya, a bi shi har inda ƙarfinsa ya ƙare. Da wannan ƙa'ida samari ke fita shekara bayan shekara, su kori maharan har cikin Kwarin Gamba, inda ciyawa ta fi mutum tsawo. Kaɗan ne ke fitowa.

Waɗanda suka fito ɗin kuma da gudu suka fito. Al'adar zangon ita ce a huda sakaina, wato fasasshiyar ƙwarya, a rataya wa wanda ya gudu a wuya. Daga ranar, babu namijin da zai tanka masa, babu mai tambayarsa komai, bare a ji ta bakinsa a kan yaƙi. Sai ya koma bayan shinge wajen majema, ya zauna da warin fata. Su ne ƴan sakaina. Cikinsu har da Tunau, ƙanin Gwamma.

A shekarar da ake wannan magana, samarin da suka rage ba su kai su cika inuwar tsamiya ɗaya ba. Cikinsu akwai Arzika, ɗan Gwamma, shi ke nan gare ta. In kaka ta yi, shi ma Kwarin Gamba za a kai shi.

Gwamma ta ce, "Ni ɓauna nake farauta, ranka ya daɗe. Duk abin da na sani game da ita, a bakin wani gurgu na ji shi, wanda ta kora ya hau giginya wandonsa a jiƙe. Waɗanda suka tsaya mata ba su koya mini komai ba. Kafin in isa an binne su."

"Hm-hm! Yaƙi ba farauta ba ne."

"Na ji. Ka ba ni ƴan sakaina, kai ka riƙe samarinka. In dawa ta fitar da kai, mu haɗu a fadama da karan dawa maimakon mashi. In naka suka yi rinjaye, da hannuna zan kawo maka Arzika, ba za ka sake jin bakina ba."

Ciwake ya yi dariya har da riƙe ciki, ya yarda.

Gwamma ta tafi bayan shinge. Ta tarar da mutane da suka daɗe ba wanda ya kira sunansu. Da ta tambaye su abin da suka gani a kwarin, sai kowa ya sunkuyar da kai. Kunya ta riga ta ɗinke musu baki. Sai ta ce, "To kada ku faɗa. Ku nuna mini."

Tunau ne ya fara miƙewa. Ya ɗauki busasshiyar fata ya riƙe kamar garkuwa, ya karkace kafaɗa, ya yi wani irin gudu na ƙarya, yana ɗingishi yana satar kallo ta ƙarƙashin hammata. Ya ce, "Haka suke yi, Yaya. Kamar sun karaya. Amma duba hannuna. Ba su taɓa yar da garkuwa ba." Wani ya tashi ya yi kukan zabo da bakinsa, ya ce da wannan suke kiran waɗanda suka ɓoye a ciyawa. Wani ya nuna yadda suke rufowa ta baya, dama da hagu. Kowa da ɗan guntun abin da idonsa ya gani kafin ƙafarsa ta ɗauke shi. Gwamma ta yi ta harhaɗa guntayen nan duk tsawon damina, har mutanen suka iya zama Masu Jan Garkuwa tun daga tafiya har zuwa tari.

Ranar haɗuwa, zango duka ya sauko fadama. Ƴan sakaina sun shafa wa fatunsu jar ƙasa, sun tsoma bakin karansu a toka don duk wanda aka taɓa ya fita da shaida. Samarin Ciwake suka taso da ihu. Ƴan sakaina suka juya da gudu, jama'a ta fashe da dariya, wata mata har tana cewa ai wannan aikin sun ƙware a kai. Samari suka bi su cikin ciyawa.

Sai aka ji kukan zabo.

Ba a daɗe ba suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da farin tabo a gadon baya. Arzika ya fito da nasa a tsakanin kafaɗu, daidai inda mashi zai shiga ya ɓullo ta ƙirji. Gwamma ta ƙura wa tabon nan ido. Dariya ta mutu a fadamar, domin babu gidan da bai gane abin da ya gani ba.

Ciwake ya daɗe a tsaye. Shi ma yana da ɗa, Jatau, wanda ya shiga kwarin bara bai fito ba, kuma tun daga lokacin bai tambayi kowa yadda aka yi ba, don waɗanda suka sani duk masu sakaina ne. Ya taka a hankali har gaban Tunau. Bai tura ƙirji ba, bai ce "Hm-hm" ba.

"Tunau," ya ce, "ɗana Jatau. Ka gan shi?"

"Na gan shi, Baba."

"Yaya ya faɗi?"

Tunau ya ajiye garkuwarsa ta fata. Ya ɗaga haɓa irin yadda Jatau ke yi, wanda ya gada wajen ubansa. Ya taka gaba da sauri. Ya tsaya cak kamar ya ji motsi a baya, wuyansa ya fara juyawa, sai ya danne shi, ya mayar da fuskarsa gaba da ƙarfi. Sannan ya faɗi rub da ciki.

Ya ce daga ƙasa, "Ya ji su, Baba. Da ya waiwaya, da ya kare kansa. Amma ya tuna da kai."

An ce iskar da ke kaɗa ciyawar fadama ta tsaya a wannan lokaci, kuma ba ta sake motsi ba sai da Ciwake ya sunkuya ya ɗaga Tunau da hannunsa. Ya cire sakainar daga wuyansa, ya rataya a nasa wuyan.

Daga ranar horon yaƙi ya sauya kama. Kokawa da tsayuwa a rana suna nan, Ciwake ne da su, don Gwamma ta ce ba ta ga laifin ƙarfi ba. Amma ba a ba saurayi mashi sai ya ratsa hannun ƴan sakaina, sun yaudare shi, sun shafa masa toka, har ranar da zai fito da bayansa tas. Aka ware masu kunne, aikinsu rarrabe kukan zabon daji da na ɗan Adam. Aka sa ƙaho, in an busa kowa ya tsaya ko da abokin gaba na gabansa a guje. Tsohuwar ƙa'ida ta tafi, aka maye gurbinta da cewa ba a bin mai gudu sai ya yar da garkuwa. Abu mafi nauyi kuma, aka gina zaure a bakin shinge. Duk lokacin da aka dawo daga faɗa, a nan ake zama kafin kowa ya shiga gida, kuma wanda ya ji tsoro shi ke fara magana. Abin da aka ji a zauren shi ake koyarwa baɗi.

Da kaka ta yi, Masu Jan Garkuwa suka zo, suka yi karo kaɗan, suka juya da ɗingishinsu. Ƙaho ya yi ƙara. Samari suka tsaya a bakin kwarin, sun ƙagauta su bi su, Ciwake na kai da kawowa a gabansu da sakaina a ƙirji. Zabo ya yi ta kuka a cikin ciyawa, ba wanda ya shiga. Sai Gwamma da maharba suka cinna wa gambar wuta ta inda iska ke tasowa, kamar yadda ake yi wa nama. Waɗanda suka ɓoye suka fito a guje, a wannan karon garkuwoyinsu a zube a ƙasa. Ba su sake dawowa ba.

Arzika ya dawo da ƙafarsa. A zaure, shi ya fara ɗaga hannu ya ce ya ji tsoro. Uwarsa na bakin ƙofa tana ji.

Zangon ya zama gari, shi ne Dutsen Gwamma. Zauren na nan, an sha sake masa jinka, sakainar Ciwake na rataye a saman ƙofa, ta yi baƙi ƙirin. Duk bayan girbi jikokin Tunau na shafa jar ƙasa su yi wasan fadama, kuma duk saurayin da zai tafi aikin soja, a zauren nan ake sallamarsa. A wajen zama, gidan Tunau ne a gaba, kafin gidan Sarkin Yaƙi.

Babbansu yanzu shi ne Baba Nomau, wanda rabonsa da tsayuwa ba sanda tun ban iya ɗaura zane ba. A wasan bara wani baƙo ya durƙusa gabansa da ladabi, ya ce, "Baba, da maharan nan za su dawo yau, ku da kuka gaji wannan gida, me za ku yi?"

Tsohon ya gyara zama, ya dubi sakainar nan ta saman ƙofa, fuskarsa ba alamar wasa.

"Gudu mana, ɗana. Sai dai a samo mai goya ni. Kuma don Allah kada a kawo mini jarumi."