Gwazan Mili da Alkamar Lachie

Akwai wata ɗaliba a birnin Brisbane, sunanta Miliakere Waqa, 'yar ƙasar Fiji ce, amma kowa Mili yake ce mata. Digirin digirgir take yi a fannin noma. Gwaza take bincike a kai, tana neman irin da zai jure gishiri, domin a ƙauyensu ruwan teku ya fara malalowa cikin gonaki, amfanin yana ruɓewa tun yana ƙasa.

A ɗakin gilashin da jami'a ta ware don rainon tsirrai, tana da maƙwabci, wani saurayi ɗan manyan manoma mai suna Lachlan Pryce, ana kiransa Lachie. Shi alkama yake yi, kuma ba ƙarya ƙwaƙwalwa ce da shi. Sai dai bakinsa ba linzami.

"Mili, har yanzu kina nan da abincin kakanninki?" Haka yake ce mata in ya shigo. "Ki gama ki gaya mini wanda zai ɗauke ki aiki saboda gwaza."

Rannan ma ta zo ta tarar ya kwashe tukwanen shukarta daga teburin da ke samun rana, ya jere nasa. Da ta yi magana ya ce, "Haba, naki ai ko a bayan gida aka jefar zai fito." Sauran ɗalibai suka yi dariya. Mili ta haɗiye abin, ta gyara tukwanenta a can lungu.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, makaranta ta watse. A can ƙarshen shekara ne lokacin zafi, ya kuwa sauko kamar an buɗe tanda. Lachie ya ɗaura allon hawa igiyar ruwa a kan motarsa, ya kunna na'urar da ke ba alkamarsa ruwa da kanta, ya tafi bakin teku ko sallama babu.

Mili ba ta je gida ba. Ƙananan gwazanta kullum sai an auna musu ruwan gishiri da hannu, ba ta da wanda za ta bar wa. Da safe ta hau jirgin ruwan da ke tsallaka kogi, ta shiga makaranta shiru kamar an yi shara, sai kukan tsuntsaye. Ta auna, ta rubuta, ta zauna gindin bishiya ta sha mangwaro. Da yamma ta koma ɗakinta ta kunna fanka, ta kira mahaifiyarta, tana jiyo waƙoƙin Kirsimeti da hayaniyar yara a bayanta. Wani lokaci sai ta ajiye wayar ta share ido.

Washegarin Kirsimeti gwaggonta Vasiti, wadda ke zaune a bayan gari, ta tara 'yan uwa. Tun safe aka binne kaji da kifi da rogo a ramin gashi. Da azahar ta kira.

"Ke Miliakere, kina ina? An kusa buɗe rami. Ko gwazan ne zai aure ki?"

"Gwaggo, gani nan, rufe ƙofa kawai ya rage."

"To ki yi sauri, kin san kawunki, in ya zauna ko ƙashi ba ya bari."

Mili na ajiye wayar ta ga hasken ɗakin gilashin ya canza. Ta ɗaga kai. Sama ta yi wani kore-kore mai duhu, irin wanda duk mazaunin garin ya san ma'anarsa. Ƙanƙara ce tafe.

Kafin ta ɗauki jakarta, ƙanƙarar farko ta faɗo kan rufin, ƙwal! Sai ta biyu. Sai gilashi ya fara tsagewa.

Amalanke ɗaya ce a wurin, ɗakin ajiya mai rufin siminti kuma yana can ƙarshen baranda. Mili ta ja amalanken ta nufi lungunta. Sai ta tsaya.

A gefenta alkamar Lachie ce, ta fitar da kai, saura kaɗan ta nuna. Ta san labarinta, don kullum cika baki yake da ita: shekaru ya yi yana haɗa iri da iri, kuma wannan ne kaɗai abin da ya samu, ba shi da ko ƙwaya a ajiye. In ƙanƙara ta karya kawunan nan, karatunsa ya tashi. Nata kuwa in ya lalace, akwai iyayen iri a wani wuri, amma aikin rabin shekara zai bi ruwa, ga takardar izinin zamanta a ƙasar ta kusa ƙarewa.

Zuciyarta ta ce, "Wa ya gan ki? Ɗauki naki ki wuce." Dariyar ranar nan ta dawo mata sabuwa fil.

Ta ce, "Kai, Allah ya sawwaƙe." Ta juya amalanken ta fara loda alkama.

Ta kai, ta dawo, ta sake kaiwa. Ƙanƙara kamar ƙwan kaza tana dukan bayanta. Wani fasasshen gilashi ya yanke ta a dantse, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure, ta ci gaba. Sai da ta fitar da tukunyar alkama ta ƙarshe sannan ta koma kan nata. Lokacin rufin lungun ya riga ya rufto. Abin da ta tsira da shi bai kai rabi ba.

Da hadarin ya wuce ta zauna a ƙasa ta kira Lachie. Ya ɗauka, kiɗa na tashi a bayansa.

"Mili, don Allah in maganar tebur ce ki bari sai an dawo hutu."

"Ƙanƙara ta fasa ɗakin gilashi."

Kiɗan ya ɗauke. Ta ji numfashinsa. Da ƙyar ya ce, "Alkamata..."

"Tana ɗakin ajiya. Duka. Ka zo ka nema mata haske, ni asibiti zan je."

Gwaggo Vasiti ce ta zo ta ɗauke ta, tana tuƙi tana faɗa. "Don wancan mara kunyar kika yanke hannu? Ke wace irin yarinya ce?" Amma da aka gama ɗinki, ita ce ta zauna tana ba ta kifi a baki, tana gaya wa duk wanda ya shigo abin da 'yar ɗan'uwanta ta yi.

Da safe Lachie ya iso. Ya ga alkamarsa a jere, ko kai ɗaya bai karye ba. Ya leƙa lungu ya ga gwaza a tattake cikin gilashi da laka. Da Mili ta shigo da hannu a naɗe, ya kasa haɗa ido da ita.

Bai koma bakin teku ba. Sauran hutun nan duk tare suka yi shi. Shi ne ɗaukar buhun ƙasa, shi ne wanke tukwane, shi ne auna ruwan gishiri tunda hannunta bai warke ba. Ya kira mahaifinsa aka kawo fitilun raino daga gonarsu, sabon shukan ya yi saurin tashi. Da aka dawo makaranta kuma, ya miƙe a gaban malamai da ɗalibai ya faɗi komai, har da wulaƙancin da ya riƙa yi mata. Malamarsu ta tsaya da ƙafarta har aka ƙara wa Mili lokaci, aka sabunta mata izinin zama.

Ranar da ta miƙa kundin bincikenta, suna fitowa Lachie ya ce, "Mili, akwai abin da nake ta son tambayarki. Ni da na san abin da na yi miki, me ya sa kika fara da nawa?"

Ta yi murmushi ta ce, "Kai ne ka ɓata mini rai, Lachie. Alkamar ba ta yi mini komai ba."

Darasi: Halin mutum na gaskiya yana fitowa ne a ranar da ya samu damar ramawa kuma babu mai kallonsa. Kada muguntar wani ta koya maka mugunta, kuma kada ka raina wanda kuke tare, don ba ka san a hannun wa wahalarka za ta tsira ba. In labarin Mili ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wani, wataƙila yau akwai mai buƙatar jin sa.