Raken da Aka Kankare wa Ido

Gwaggona Lanti ce ta fara ba ni labarin nan, muna bakin fadama ana dafa mazarƙwaila. Yadda na ji zan faɗa muku.

A zamanin da, wani falke ya kawo wa wani sarki damin jan rake daga ƙasa mai nisa. Sarki ya sha gaɓa ɗaya, ya lumshe ido, ya ce a kai sauran taska a ajiye kusa da alkyabbu sai ya dawo rangadi. Rangadi kuwa ya yi tsawo. Da ya dawo, ya sa aka miƙa wa Sarkin Noma Jatau, a cika fadama da irinsa. Aka binne, aka yi ta ban ruwa, ko tsinke bai fito ba.

Sarki ya fusata. "Ya shanye nawa, ya binne mini kara!" Aka tsare Jatau, za a tuɓe masa rawani a kore shi daga ƙasar, shi da iyalinsa.

Waziri Barau bai taɓa riƙe fartanya ba, amma mutum ne mai bin diddigi. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: gero da ƙwaya, dawa da ƙwaya, shi rake a ina ransa yake? Ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ɗan jinkirta mini."

Ya tafi fadama, ya sa aka saro masa rake, ya zauna yana ɓare ganye. A kowace gaɓa sai ya ga ɗan ido kamar farcen jariri. Na wajen kai laushi gare su, da danshi. Na gindi sun yi tauri, sun yi duhu. Ya sa aka tono na Sarki. Ga shi a bushe, sumul kamar sandar liman.

Ya zarce wurin Ma'aji Cindo, mai tsaron taska.

"Ma'aji, yaya ka adana raken nan?"

"Ranka ya daɗe, gyara na gaske! Kawunan ba zaƙi, na datse na ba jakuna. Ƙurajen jikinsa duk na kankare, na shafe shi da mai. Kayan Sarki ai ba ya zama da ƙazanta."

Waziri ya juya ya fita. Ya wuce wurin Jatau ya ce, "Kai ka ga ba ido, me ya hana ka magana?"

"Ranka ya daɗe, in tsaya gaban fada in ce kyautar Sarki gawa ce?"

Waziri ya koma fada da tukwanen ƙasa da guntayen rake: kai, gindi, da wanda ya daɗe a ɗaka har ya yanƙwane. Ya roƙi Sarki ya ɗanɗana, ya zaɓi wanda zai fi haihuwa. Sarki ya tofar da kan, ya nuna gindi. Aka binne su a gabansa, shi yake zuba ruwa da hannunsa, har yana tsugunnawa ya leƙa. Kan da ya tofar ne ya fara ɓullowa. Gindi ya biyo baya da ƙyar, na ɗaka shiru.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, zaƙi na tsoho ne, haihuwa ta yaro. Naka ya tsufa a taska, aka kuma kankare masa ido." Ya kwashe sauran labarin ya faɗa.

Sarki ya ce, "Ni na ce a ajiye. A sako Jatau, a mayar masa da rawaninsa, a ƙara masa riga. Amma Jatau, in ka sake ganin gawa, ka ce gawa ce. Kai kuma Cindo, ka bi falken nan ƙasarsu ka ɗauko sabon iri cikin jiƙaƙƙiyar tabarma, da ƙurajensa." Fada ta ɗauka, "Gyara kimtsi!"

Washegarin ranar da Gwaggo ta ba ni labarin nan, da safe na ƙwace kan rake daga bakin akuyarmu, ta bi ni tana kuka. Na duba idonsa, na binne shi inda muke zubar da ruwan wanke-wanke, na kife masa tsohon kwando.